Amana a Zamanin MoMo: 'Yan Damfarar Waya, Ƙirƙirarriyar Basira da Nauyin da Ke Kan Mutanen Zango

Laccar da aka gabatar a Zangon Kumasi

  

  

An ɗora mini nauyin yin magana a kan 'yan damfarar waya, da yadda ake amfani da fasahar ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI, wajen daƙile su. Na karɓi wannan nauyi hannu bibbiyu, domin da wuya a samu gida a Asawase ko Sabon Zango ko Akwatia Line ko Tafo da wannan masifa ba ta leƙa ba. Wani an kira shi Allah ya tsare. Wani an kira shi an kwashe masa jari, ya haɗiye abin a cikinsa, ko matarsa bai gaya wa ba. A kan wannan na biyun maganata za ta fi tsayawa. Na'ura tana iya taimakonmu, kuma za ku ji yadda take yi. Amma na'ura ba ta gane ɓarawo sai da labarin waɗanda aka yi wa sata. Muddin kunya ta rufe mana baki, babu fasahar da za ta kai mu gaci.

Garin da aka kafa bisa amana

Kakanninmu fatake ne. Daga Kano da Katsina da sauran garuruwan Hausa suke koro jakuna zuwa Gwanja, su kawo tufafi da kanwa da fatu, su koma da goron ƙasar Asante. Salaga ce babbar mahaɗarsu, har yaƙin basasar da ya ɓarke a can a 1892 ya tarwatsa kasuwar. 'Yan kasuwa suka watsu zuwa Kete Krachi da Yeji da Ankara, babban birninmu na yau, da sauran wurare. Bayan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, Zangon Kumasi ya yi ta cika yana bunƙasa, Hausawa da Mosawa da Wangarawa da Dagombawa da Zabarmawa da Yarbawa da Fulani suka zauna wuri guda, Hausa ta zama harshen da ya haɗa su.

Me ya riƙe wannan ciniki na nesa, a zamanin da babu banki babu takardar yarjejeniya? Maigida ne. Baƙo ya sauka a gidansa, ya danƙa masa kuɗinsa ya ajiye, shi zai nemo masa mai saye, shi zai tsaya masa lamuni idan an ba da kaya bashi. Ana sayar da garken shanu da kalmar baki. Wannan tsari ya yi ƙarko ne saboda kowa yana da fuska, kowa yana da unguwa da masallacin da yake salla. Wanda ya ci amana a Kumasi, kafin ya isa Kintampo labarinsa ya riga shi, ba kuma zai sake samun mai saukar da shi ba.

Waya ta zo ta bar mana amanar, ta ɗauke fuskar. A 2009 kamfanin MTN ya fara MoMo, wato tura kuɗi ta waya, a Ghana. A watan Mayun 2018 aka buɗe hanyar tura kuɗi tsakanin layukan kamfanoni daban-daban. Alƙaluman Babban Bankin Ghana sun nuna cewa kuɗin da suka bi ta waya a 2024 sun kai kimanin sidi tiriliyan 3. Alheri ne babba. 'Yar kayaye da ke dako a kasuwar Kejetia tana tura wa mahaifiyarta kuɗi a Walewale ba tare da ta roƙi direba ba. Mai sayen shanu ba sai ya ɗaura kuɗi a ƙugu ya hau motar Bawku da dare ba. Babu mai hankalin da zai ce mu koma baya. Sai dai inda kuɗi suka koma, nan ɓarayi suke komawa. Rahoton Babban Bankin na 2023 ya ƙirga damfara sama da 15,000 a harkar kuɗi, mafi yawansu ta hanyar biyan kuɗi na waya. Waɗannan su ne waɗanda aka kai ƙara. Ku da kuke zaune a nan kun san nawa ne ba a kai ba.

Yadda suke shigowa

Mu duba abin daki-daki. Ga wata uwa tana sayar da waakye a bakin titi da sassafe. Layi ya yi tsawo, hannunta ɗaya na zuba shinkafa, ɗayan na naɗe ganye. Waya ta yi ƙara a lalita. Saƙo ne, wai an turo mata sidi 850. Kafin ta gama karantawa kira ya shigo, murya mai ladabi: "Salamu alaikum, Mma, don Allah ki yi haƙuri. Kuɗin maganin mahaifiyata ne zan tura asibiti, na kuskure lamba ɗaya suka faɗo wurinki. Ki taimaka ki maido mini, Allah ya saka miki da Aljanna." Masu saye suna jira, mai kira yana shesshekar kuka. Matar nan ba ta taɓa cin haƙƙin kowa ba, ba kuma yau za ta fara ba. Ta tura sidi 850. Sai da rana ta yi, ta je biyan mai kawo mata wake, ta tarar asusu wayam. Babu abin da aka turo mata tun farko. Saƙon daga wata lamba ya fito irin ta kowa da kowa, alhali saƙon gaskiya na MTN da sunan MobileMoney yake zuwa. Da ta danna *170# ta duba abin da ke asusunta, da magana ta ƙare.

Ku lura da abin da ya ci ta. Gaskiyarta ce da tausayinta. Shi ya sa ba na yarda a ce wawaye ake damfara.

Sauran hanyoyin ma haka suke, kowace da halin da take nema a zuciyar mutum. Akwai mai neman kwaɗayi: an ce ka ci kyautar mota ko ta dubban sidi a wata gasar da ba ka shiga ba, ka biya kuɗin sarrafa takardu. Akwai mai neman tsoro: wai malami ne daga makarantar kwana, ɗanka ya faɗi an kai shi asibiti, likita ba zai taɓa shi ba sai an biya. Ko kuma wai ma'aikacin kamfani ne, za a rufe layinka yanzun nan, ka ba da izinin kash-awut, wato cire kuɗi, saƙo zai fito a wayarka, ka sa lambar sirri. Da ka sa, kai da hannunka ka amince a cire kuɗinka a wata rumfa da ba ka san inda take ba. Akwai mai neman buƙata: shafin ƙarya da hoton ɗan majalisa, ana alkawarin gurbin aikin soja ko ɗan sanda ko kwastan, ko kujerar Hajji mai rangwame. Akwai mai neman girmamawar da muke yi wa addini: wani ya kira ka daga zauren WhatsApp na masallaci ko na tsofaffin ɗalibai, ya ce za a yi taron addu'a da dare, an turo maka lambobi shida, ka karanto masa don a sa sunanka. Lambobin nan shida su ne mabuɗin WhatsApp ɗinka. Da ya karɓa, sai ya shiga rubuta wa ƙannenka da abokanka da sunanka yana neman rance. Hukumar Tsaron Intanet ta ƙasa ta sha yin gargaɗi a kan wannan.

Abu biyu ne ba sa rabuwa da kowane irin kira daga cikinsu. Na farko gaggawa: yanzu-yanzu, kada ka kashe waya. Na biyu sirri: kada ka gaya wa kowa. Duk kiran da ya haɗa kuɗi da gaggawa da sirri, ka ɗauka ɓarawo ne har sai ka tabbatar da akasin haka.

Murya ma yanzu ana satarta

A da, abin da ke ceton mutane da yawa shi ne kunne. Uwa ta san muryar ɗanta ko cikin barci. Wannan katanga ta fara tsagewa. A 2019 an kwaikwayi muryar shugaban wani kamfani da na'ura, aka kira manajan reshensa na Birtaniya, ya tura Yuro 220,000. A Janairun 2023 masu bincike na kamfanin Microsoft suka bayyana wata fasaha mai suna VALL-E, wadda daƙiƙa uku na maganar mutum sun ishe ta ta kwaikwayi muryarsa. A farkon 2024, a Hong Kong, wani ma'aikacin kamfanin injiniyoyi na Arup ya shiga taro ta bidiyo, ya ga fuskar babban jami'in kuɗi na kamfanin da wasu abokan aikinsa, ya ji muryoyinsu, ya tura kimanin dala miliyan 25. Duk waɗanda ya gani a taron nan ƙirar na'ura ne. A watan Fabrairu na shekarar, hukumar sadarwa ta Amurka ta sa muryar da na'ura ta ƙirƙira cikin jerin abin da doka ta hana a yi wa mutane kiran kai-tsaye da shi ba da izininsu ba.

Wannan ya shafe mu fiye da yadda muke zato, domin mu mutanen murya ne. Da yawa daga iyayenmu ba sa rubuta saƙo, naɗar murya suke yi su tura. Tafsirin malamanmu na azumi yana Facebook awa bisa awa. 'Ya'yanmu da ke Italiya da Jamus da Amurka da Saudiyya kullum suna magana a TikTok. Kada wani ya ce Hausa za ta ɓoye mu. Tun 2013 Hausa ta shiga Google Translate, a 2023 kuma kamfanin Meta ya fitar da fasahar magana mai harsuna sama da 1,100, har da Hausa. Ranar da uwa za ta ɗaga waya ta ji muryar ɗanta sak yana cewa an kama shi a ƙasar waje, ko ta ji muryar malaminta yana neman gudummawar ginin makaranta, ba ta da nisa. Gara mu shirya tun kafin ta iso.

Yadda na'ura take tsaro

Mece ce ita wannan basira da ake ta faɗa? Ku tuna yaron dillalin goro. Ba a littafi ya koyi sana'ar ba. An zaunar da shi gaban huhu, maigida yana ɗauko goro ɗaya bayan ɗaya yana cewa, wannan lafiyayye ne, wannan daushe ne, wannan sankara ta ci shi. Bayan dubban goro sun bi ta hannunsa, da ya ɗaga ɗaya ya san cikinsa tun bai fasa ba. Haka ake koya wa na'ura. Ana ba ta dubban saƙonni da kiraye-kiraye, a ce mata wannan na gaskiya ne, wannan na damfara ne, har ta gane alamomin da kanta. Idan ba a taɓa nuna wa yaron nan goro mai sankara ba, har ya tsufa ba zai san shi ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A wurare uku ake sa ta aiki. Na farko a cikin kamfanin waya da banki. Mutum ba zai iya sa ido a kan miliyoyin layuka ba, amma na'ura tana iyawa. Tana ganin sabon layin da ya kira ɗaruruwan lambobi a wuni guda, babu ko ɗaya da ya taɓa kiransa. Tana ganin asusun da kuɗi ke shigowa daga baƙi barkatai, ana kwashe su cikin 'yan mintuna. Tana ganin waya guda da ake ta sauya wa layi. Sai ta ɗaga alama, a dakatar da kuɗin ko a toshe layin. A Najeriya, kamfanin Airtel ya fara irin wannan a watan Maris na 2025: na'ura tana tantance saƙonni, wanda ta yi zargi sai ya iso da gargaɗi a jikinsa. Kyawunsa shi ne ba ya buƙatar intanet ko wata manhaja, ko mai ƙaramar waya yana samu.

Na biyu a cikin wayar mutum. Wasunku suna da Truecaller, manhajar wani kamfanin ƙasar Suwidin, wadda ke nuna ja idan lambar da ke kira ta sha ƙorafi. Jan nan daga ina ya fito? Daga mutanen da aka kira kafin kai, suka ɗauki minti ɗaya suka yi wa lambar alama. Kamfanin Google ya ƙara gaba: tun ƙarshen 2024 ya fara sa wa wayoyinsa na Pixel wata fasaha da ke bin zancen da ake yi a kira daga baƙuwar lamba, idan ta ji an shiga maganar tura kuɗi da gaggawa sai wayar ta yi ƙara ta yi gargaɗi.

Na uku shi ne wanda ya fi jan hankalin duniya, wato cinye wa ɗan damfara lokaci. A Nuwamban 2024 kamfanin waya na O2 a Birtaniya ya fito da wata tsohuwa mai suna Daisy. Ba mutum ba ce, na'ura ce da aka yi wa muryar kaka. An cusa lambarta cikin jerin lambobin da 'yan damfara ke amfani da su. Idan sun kira, na'urar tana mai da maganarsu rubutu, ta tsara amsa, ta furta da muryar tsohuwa, duk a nan take. Sai ta shiga ba su labarin kyanwarta da saƙar da take yi da jikokinta, ta ce a maimaita ba ta ji ba, in an matsa ta karanto lambar banki ta ƙarya. Kamfanin ya ce ta riƙe wasu har minti 40. An horar da ita ne da taimakon Jim Browning, wanda ya yi suna wajen bankaɗo 'yan damfara a YouTube. A Ostireliya kuma, Farfesa Dali Kaafar na Jami'ar Macquarie ya kafa Apate, inda tarin irin waɗannan muryoyi ke amsa kiran ɓarayi, suna kuma tattara lambobin asusu da salon yaudarar da suka ji don a miƙa wa bankuna. Hikimar a bayyane take. Jarin ɗan damfara lokacinsa ne. Mintin da ya ɓata da na'ura, wata uwa ce ta tsira a cikinsa.

Gargaɗi ɗaya ga samari: kada ku ce ku ma za ku riƙa jan su da hira don nishaɗi. Na'ura ba ta da asusu, ba ta da uwa. Kai kuwa kana ba su muryarka su naɗa, kana kuma tabbatar musu layinka yana aiki. Kashe waya, ka kai rahoto.

Inda na'ura ta tsaya

Yanzu mu dawo gida mu auna. Fasahar Google da Turanci ta fara, a Amurka, a wayar da tsadarta ta fi jarin masu ƙananan sana'a da yawa. Mu Tecno da Itel da Infinix ne a hannunmu, tsofaffinmu kuma ƙaramar wayar nan da muke kira yam. Daisy Turancin Ingila take yi. Ɗan damfarar da ke kiran unguwar Aboabo kuwa da Twi zai fara, ya ji kin yi sallama ya juya Hausa, ya cusa Turanci don ki ɗauka ma'aikaci ne. Na'urorin da suka ɗan iya Hausa ma, yawanci Hausar jarida da ta rediyo suka koya. Hausarmu ta Zango tana da nata salo da nata kalmomi, ba kuwa da yawa aka rubuta ta ba.

Nan ne haɗarin yake. Ɓarawo murya ɗaya kawai yake buƙata ya kwaikwaya. Mai tsaro kuwa sai ya tara dubban misalan damfara cikin harshenmu kafin na'urarsa ta iya aiki. Idan muka naɗe hannu, ɓarawo ne zai riga cin moriyar fasahar.

Wa ke riƙe da waɗannan misalai? Mu ne. Suna cikin wayoyinmu da zukatan waɗanda aka cuta. Amma Alhaji da aka karɓe wa kuɗin Hajji ba zai faɗa ba, kada girma ya faɗi. Matar aure ba za ta faɗa ba, kada miji ya ce ina ta samu kuɗin, ko kishiya ta samu abin gori. Ma'ajiyar adashi ba za ta faɗa ba, gara ta sayar da zannuwanta ta cike gurbi. Lambar da ta cuce su tana nan da ranta, gobe maƙwabci za ta kira. A zamanin fatake labarin maci amana yana riga shi isa gari. Yau mu ne muke rufa masa asiri.

Dole kuma mu faɗa wa hukuma da kamfanoni nasu. An fara rajistar layuka da Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, a watan Oktoban 2021, mutane suka sha layi a rana, aka rufe layukan da ba su yi ba a ƙarshen Mayun 2023. Duk da haka kiran bai tsaya ba, domin ana yin rajista da katin wasu. Na'urar da ke sa ido ma tana kuskure, tana iya toshe asusun mai gaskiya, don haka dole a samu ɗan Adam da zai saurari koke cikin harshen da mai koken ke ji. Kuma duk fasahar da ke bin kiran mutane dole ta tsaya cikin iyakar Dokar Kare Bayanai ta 2012. Ba ma son a kore mana ɓarawo a kawo mana mai leƙen asiri.

Abin da ke kanmu

Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Hujurat, ya hore mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi. Bincike ba rashin yarda da ɗan'uwa ba ne, umarni ne.

A matakin mutum ɗaya: lambar sirri taka ce kai kaɗai, babu ma'aikacin kamfani ko banki da zai neme ta. Kada ta zama shekarar haihuwarka. Lambobi shida na WhatsApp ba a karanta wa kowa, kuma a sa wa WhatsApp makulli na biyu, yaran gida sun san yadda ake yi. Wanda ya ce ya yi kuskuren turo maka kuɗi, ka ce ya kira kamfani, su suke da hurumin mayarwa. Wanda ya kira da labarin tashin hankali, ko da muryar ɗanka ce, ka kashe, ka kira lambar da ka sani da kanka. Kada ka ba kowa Ghana Card ɗinka ya yi rajistar layi, domin duk ɓarnar da aka yi da shi sunanka za a gani.

A matakin gida: ku zauna da daren nan ku zaɓi wata kalma ko tambaya ta sirri da ku kaɗai kuka sani, wadda ba a taɓa rubutawa a waya ba. Duk wanda ya kira neman kuɗin gaggawa da sunan ɗan gida, a tambaye shi. Na'ura tana kwaikwayon murya, amma ba ta san abin da ba a taɓa faɗa a gabanta ba. Kowane tsoho kuma a haɗa shi da yaro amintacce da zai tuntuɓa kafin ya danna komai.

Idan ƙaddara ta riga fata, gaggawar da ɓarawo ya sa ka, kai ma ka sa masa. Kira 100, layin kula da abokan hulɗa na kamfanin waya, tun kuɗin ba su bar asusun da aka tura su ba. Kira ko ka tura saƙo zuwa 292, layin Hukumar Tsaron Intanet da aka kafa bisa dokar 2020. Kada ka goge saƙon. Ajiye lambar da ta kira, da lokacin, da lambar shaidar turawa, ka kai wa 'yan sanda. Ko ba a cuce ka ba, an dai gwada, ka kai rahoto. Ko kuɗinka ba su dawo ba, rahotonka ne zai koya wa na'ura ta tare na gaba.

Masu rumfunan MoMo, ku ne masu gidan wannan zamani. Idan tsohuwa ta zo da waya manne a kunne, jikinta na rawa, tana cewa a tura da sauri, ka tsayar da ita. Ka ce, "Hajiya, zauna ki sha ruwa, wa ke magana?" Tun Afrilun 2021 MTN ta wajabta nuna katin shaida kafin cire kuɗi. Ku riƙe wannan ƙa'ida ko da za ku rasa kamasho.

Malamanmu, Allah ya gafarta muku, muna roƙon minti biyar a huɗuba da wajen suna da ɗaurin aure. Ku gaya wa jama'a wanda aka damfara ba shi da abin kunya, kuma faɗar abin da ya same shi sadaka ce ga 'yan'uwansa. Gidajen rediyonmu masu Hausa, irin su Zuria FM, su ware fili duk mako a bayyana sabon salon da ya fito.

Iyaye, akwai magana mai ɗaci. Wasu daga masu kiran nan ba daga sama suka faɗo ba, a ɗakunanmu suke kwana. Yaro ba aiki ba sana'a, ya shigo da waya ta dubban sidi da sabon babur, a ce Allah ya yi albarka ba a tambayi tushe ba. Sakawa, wato damfarar intanet, ta ɓata sunan Zango a bakin mutane, alhali mafi yawan 'ya'yanmu da guminsu suke ci. Ƙarshen hanyar kuma sananne ne: a samamen da Interpol ta jagoranta a 2024 a ƙasashen Afirka 19, har da Ghana, an kama mutum 1,006. Tambayar ɗanka inda ya samu kuɗi ƙauna ce.

Samari da 'yan mata masu ilimin kwamfuta, babban aikin naku ne. Jami'ar KNUST tana nan cikin garinmu, tana da ɗakin bincike na musamman a kan ƙirƙirarriyar basira. Google ta buɗe cibiyar bincikenta ta farko a Afirka a wannan fanni a Ankara a 2019. Ƙungiyar Ghana NLP ta yi manhajar Khaya mai fassara harsunan ƙasar nan, Mozilla Common Voice kuma tana karɓar muryoyin Hausa daga masu sa kai. Ba a rufe muku ƙofa ba. Ku tattara saƙonnin damfara da labaran kira cikin Hausa da Twi da Dagbani, da izinin masu su, a goge sunaye da lambobinsu. Da wannan za a gina abin da zai yi wa kakarku gargaɗi da murya, cikin harshen da take ji, a wayar da take riƙe. Wannan aiki ya cancanci Asusun Raya Zango ya sa masa hannu.

Ina roƙon mai martaba Sarkin Zango da majalisarsa, kafin a tashi daga wannan zama, a amince da abu ɗaya. Kowace unguwa ta naɗa mutum biyu amintattu, namiji da mace, waɗanda wanda aka cuta zai same su a asirce, su taimaka masa ya kira 100 da 292, su rubuta lambar da salon yaudarar, a sanar a masallaci ba tare da ambaton sunansa ba. Ba ya buƙatar kuɗi, ba ya jiran gwamnati, za a iya fara shi Juma'ar nan.

Allah ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, ya mayar wa waɗanda aka zalunta da mafi alheri, ya shiryi 'ya'yanmu, ya ba su sana'ar halal. Allah ya zaunar da Zango da Asante da Ghana baki ɗaya lafiya.